Iya Ruwa Fid da Kai a Tafkin Silvaplana

Tun da daddare na loda kayan nutso a mota, saboda haka da na idar da sallar asuba shayi kawai na kurɓa na ɗauki makulli. Uwargida ta rako ni bakin ƙofa da filas a hannu, tana sake nanata yarjejeniyar da muka yi: gobe ƙarfe goma sha ɗaya na safe zan kira ta, idan har sha ɗaya da rabi ta yi ba ta ji ni ba, ita za ta kira masaukina. Sai ta ce, "Baban yara, ni fa har yanzu ban ga abin da ya hana ka tafiya da wani ba." Na ce ta bari in na dawo zan ba ta amsa. Amsar ba ta gama nuna a raina ba a lokacin.

Muna zaune ne a kudancin Jamus, a gaɓar tafkin da Jamusawa ke kira Bodensee, inda aiki ya ajiye ni shekara goma sha ɗaya ke nan. A can na koyi nutso da tukunyar iska. Amma ruwa kam tun ina yaro na san shi, domin dangin mahaifiyata Sarkawa ne na Yawuri, kuma duk hutun makaranta a wurinsu nake yin sa. Kawu, yayan Inna, shi ya fara danna kaina cikin Kwara ya ce in buɗe ido. Idan birgi ya maƙale a kututture, shi ake jira ya cika ƙirji da iska, ya bi igiya, ya kwanto shi, mu kuwa muna cikin kwalekwale muna ƙirga masa. Ba ya shiga da kowa. In an yi masa magana sai ya ce iya ruwa fid da kai. Da wannan maganar na girma, kuma ina jin ita ce ta kai ni ga koyon nutso ni kaɗai bayan na haura sau ɗari uku ina shiga da abokan tafiya.

Inda na nufa shi ne tafkin Silvaplana, a kwarin Engadin da ke kudu maso gabashin Suwizalan. Fuskar ruwansa tana mita 1,791 sama da teku. Wanda ya san sanyin Jos, to Jos kusan mita 1,200 take, sai ya ƙara wasu ɗari shida a kai, sannan ya shimfiɗa ruwa mai zurfin mita 77 a wurin.

Na bi ta Bregenz a Ostiriya, na shiga kwarin kogin Rhine har birnin Chur, daga nan hanya ta fara hawa. Duk wanda ya taɓa bin Hawan Kibo da mota mai kaya ya san kukan da inji ke yi. A nan hawan ba ya ƙarewa da wuri: kwana bayan kwana, ta Tiefencastel, ta Savognin, tukwanen iska suna ɗan gogar juna a baya. Na tsaya a Marmorera, wata madatsar ruwa da aka kammala a 1954 don bai wa birnin Zurik lantarki. Ƙauye guda aka tasa saboda ita, ruwa ya haye gurbinsa. Na daɗe a tsaye ina kallon ruwan, domin ya tuna mini da tsohuwar Bussa da Kainji ya cinye a 1968, da ƙauyukan Gungawa na ƙasar Yawuri da aka tasa a lokacin. Kakata har ta rasu, in mun wuce wani wuri a jirgi, takan nuna tsakiyar ruwa ta ce nan kasuwa take.

Ƙarshen hawan shi ne mashigin Julier, mita 2,284. Babu itace ko ɗaya a wurin, sai duwatsu da busasshiyar ciyawa, da wasu guntayen ginshiƙai biyu na dutse a gefen hanya, waɗanda suke nan tun zamanin Rumawa. Na fito in miƙe ƙafa, ban yi taku hamsin ba na ji numfashina yana sama-sama. Na dubi allon da ke ɗauke da lambar tsayin wurin, na ajiye a raina cewa daga gobe da safe wannan hanyar ta rufe gare ni, ko da kuwa a buɗe take ga kowa.

Daga nan sai gangara. A wata kwana kwarin ya buɗe gaba ɗaya: tafkuna jere kamar 'ya'yan carbi, Sils, Silvaplana, Champfèr, can gaba na St. Moritz, kogin Inn yana ratsa su kamar zare. Tsakiyar Oktoba ce. Akwai wata itaciya a duwatsun nan mai ganye kamar allura, wadda saɓanin 'yan'uwanta take zubar da ganyenta kafin hunturu, kuma kafin ya zuba sai ya koma ruwan zinare. Duk gefen duwatsun ya kama da wannan launi, sama da shi farar ƙanƙara, ƙasa da shi ruwa tsanwa-tsanwa. Na ce Subhanallahi a fili, ni kaɗai a cikin mota.

Mutane kan ɗauka haɗarin tafkin kan dutse zurfinsa ne ko sanyinsa. Duk biyun suna kisa, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne iskar da ke saman ruwan. Kusan kashi 78 cikin ɗari na abin da muke shaƙa naitirojin ce, wadda jiki ba ya amfani da ita. Idan mutum ya nutse, ruwa yana danne shi, iskar da yake ja daga tukunya ita ma a danne take shiga huhu, sai naitirojin ta riƙa narkewa cikin jini da tsoka. Muddin ya taso a hankali, za ta fita ta numfashi bai ma sani ba. In ya yi gaggawa kuwa, sai ta yi abin da kunun zaƙi ke yi idan ya wuni a gora cikin rana aka buɗe murfin farat ɗaya. Kumfar nan in ta tsaya a gaɓa, azaba ce. In ta tsaya a laka, shanyewar ƙafafu ce.

To da ma'aunin matsi da ake kira bar, a bakin teku nauyin iska bar 1 ne, a Silvaplana kuwa kusan 0.81. Wato murfin gorar a nan ya fi saurin buɗewa, domin abin da zai tare ka a sama ya ragu. A teku sai ka nutse mita 10 matsi ke ninkawa, a nan mita 8 da 'yar ɗoriya sun isa. Shi ya sa nutson mita 20 a wannan tafki ake lissafa shi kamar na mita 25 a teku. A jadawalin da na koya da shi, mai nuna iyakar lokacin da za ka iya yi a kowane zurfi, mita 20 minti 45 ake ba ka, mita 25 kuwa minti 29. Minti 16 sun tafi tun ba ka jiƙa ƙafa ba. Wannan lissafin daga mita 300 yake fara aiki, kuma birnin Kano kansa ya haura mita 400, saboda haka duk wanda zai shiga Tiga ko kududdufan kuza na Jos da tukunyar iska, maganar ta shafe shi. Har shi kansa hawan da na yi da mota, daga mita 395 na gidanmu zuwa nan, a wurin jiki kamar tasowa ne daga nutso, domin na zo da rarar naitirojin ta gida a jinina. Wasu malaman sun ce a jira awa 6, wasu sun ce 12. Ni na ba shi kwana.

Ba a banza na zaɓi wannan tafki ba. A 1969 wasu masu nutso na sojan Suwizalan sun shiga cikinsa suna bin jadawalin da aka tsara don teku, biyu daga cikinsu suka fito da ciwon kumfar nan. Wani likita a Zurik, Albert Bühlmann, ya duƙufa a kan matsalar, ya fitar da jadawalin da ke la'akari da tsayin wuri, sojan ƙasar ya karɓe shi a 1972. Lissafin da ya ci gaba da gyarawa har ƙarshen rayuwarsa a 1994 shi ne ke cikin akasarin kwamfutocin hannu da masu nutso ke ɗaurawa yau, har da wadda ke wuyan hannuna. Shekaru ina dogara da wannan lissafi a kowane nutso, sai na ji ina so in ga ruwan da ya haifar da shi.

Masaukina wani tsohon gida ne mai kaurin bango, tagoginsa ƙanana sun shige ciki kamar mazurari, an kankare zane a jikin yaɓen, abin da ya tuna mini da zanen gidajen cikin birnin Zariya. Mai gidan, wata dattijuwa, ta tare ni da "Allegra", gaisuwarsu ke nan da Romanshi, yare na huɗu a cikin yarukan ƙasar. Da Jamusanci muka ci gaba. Bayan na sha shayi, wanda ya zo mini salam-salam domin a wannan tsayin ruwa kan tafasa tun yana digiri 94, sai na miƙa mata takarda. Na rubuta inda zan shiga, lokacin shiga, lokacin fita, lambar motata, lambar uwargida, da 1414, lambar masu ceto da jirgi mai saukar ungulu. Ta karanta sau biyu. Ta ce, "Kai kaɗai?" Na ce ni kaɗai. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ɗauki takardar ta liƙa a bango kusa da wayar gidan, ta ce ƙarfe goma da rabi za ta fara duba agogo.

Da la'asar na je na ga wurin da idona. Na zaɓi wata gaɓa mai tsakuwa kusa da inda ake ajiye mota, domin ba na son doguwar tafiya da kaya bayan na fito. Na duba inda zan taka, inda zan zauna in cire takalman iyo, da ko waya tana kamawa a wurin.

Mai nutso shi kaɗai komai biyu yake ɗauka, domin abokin da babu shi, kayansa ne suke rataye a jikinka. Babbar tukunyata lita 15 ce, mai baki biyu, kowane baki da nasa abin shaƙa, wanda muke kira regileta kamar na tukunyar gas ɗin girki. Ga wata ƙarama mai lita 7 a gefen hagu da tata regiletar. Gilashin fuska biyu, wuƙa biyu, fitila biyu, kwamfuta biyu. Rigar kuwa irin wadda ruwa ba ya shiga ce, ana sa kayan ɗumi a ciki, ana kuma hura mata iska daga tukunya kada ta matse mutum. Sai dalma a ƙugu, irin wadda Kawu ke ɗaurawa a bakin birgi. Duk kayan nan sai da na wanke su da ruwan ɗumi na shanya su kwana biyar kafin in taso, saboda wani ɗan ƙaramin kwanson ruwa baƙo da aka fara gani a tafkinmu a 2016, wanda yanzu ya lulluɓe duwatsun ƙasan kamar tabarma. 'Ya'yansa ido ba ya ganinsu, a jiƙaƙƙen kaya suke bin mutum. Ba zan so a ce ta hannuna ya hau dutse ba.

Washegari na fito raɓa ta daskare a gilashin mota, ma'auni yana nuna 3 ƙasa da sifili. Sammako dole ne a Silvaplana. Akwai iskar da ake kira ta Maloja, wadda kan taso daga ɓangaren Italiya wajen hantsi zuwa azahar, ta cika tafkin da masu gudu a kan allo suna riƙe da lema. Da zafi ta fi ƙarfi, amma ko a Oktoba in rana ta fito takan zo. Na kafa tutar masu nutso, fari da shuɗi, wadda doka ta ce jirage su ba ta tazarar mita 50. Na kunna kwamfutocin a tudu don su auna nauyin iskar wurin, duk biyun suka yarda cewa a kan dutse muke. Ban gwada jan numfashi daga regileta a waje ba, domin a irin wannan sanyi danshin baki kaɗai ya isa ya daskare a ciki. Tukunya tana da bar 210. Na raba uku: kashi ɗaya na tafiya, kashi ɗaya na dawowa, na ukun ba nawa ba ne, na abin da ban sani ba ne. Iyakata mita 20, minti 25 a ƙasa. Na yi bismilla, ƙarfe tara da minti goma na sa fuska a ruwa.

Sanyin ya fara saran leɓena da kumatuna, inda riga ba ta rufe ba, kamar an goga musu reza. Bayan minti biyu suka mutu, ban ƙara jin su ba.

Na bi gangaren a hankali. Da farko duwatsu ne masu santsi, rana tana wasa a kansu, ganyen zinaren nan kwance a tsakaninsu. Da zafi, narkakkiyar ƙanƙara daga kwarin Fex takan kawo garin dutse ta dagula tafkin, shi ne ma ke ba shi launinsa. Yanzu narkewar ta ragu, ruwan ya lafa, ina ganin kusan mita goma a gabana. A mita 8 duwatsu suka ƙare, sai laka mai laushi toka-toka, wadda in ka kuskure ka buga ta da ƙafa za ta tashi ta rufe maka ido. A mita 12 na iske wani kututture kwance, rassansa a miƙe, ɓawonsa bai ruɓe ba saboda sanyi. A ƙarƙashinsa kifi uku suna tsaye, bayansu baƙi-baƙi, cikinsu ja-ja, gefen fukafukansu fari kamar an ja musu alli. Ba su gudu ba. Na tsaya ina shawagi a gabansu, ban taɓa ƙasa ba, ban taso ba, numfashina kaɗai ke ɗaga ni yana sauke ni.

Abin da nake zuwa nema ke nan. Idan kuna biyu, rabin hankalinka yana kan ɗan'uwanka: ina yake, nawa ya rage masa, me hannunsa ke cewa. Haka ya kamata, kuma ina son abokan da nake shiga da su. Amma a nan babu kumfar kowa sai tawa. Tsakanin numfashi da numfashi akwai wani shiru da ban taɓa samun irinsa a tudu ba, ko a sulusin dare. Hasken sama ya koma kore mai duhu. Na samu kaina ina tasbihi a zuci, ba tare da na yi niyyar farawa ba.

A minti na 17 ina mita 19, ruwa digiri 5. Rigar ta fara matse mini ƙirji, sai na danna maɓallin hura mata iska, kuma a daidai lokacin na ja dogon numfashi. Doka ce da na sani, na kuma sha faɗa wa sabbin shiga: a ruwan sanyi ba a haɗa biyun nan. Iskar da ke fitowa daga tukunya tana saukowa ne daga matsi mai yawa zuwa kaɗan, kuma duk iskar da ta buɗe haka sanyi take yi, ƙasa da sifili nesa ba kusa ba. In ka ja da yawa lokaci guda, ƙarfen ba ya samun damar ɗumama da ruwan da ke kewaye, sai ƙanƙara ta kama a ciki ta tokare bawul a buɗe.

Na fara jin wani ɗan tsaki a bakina, kafin in ƙifta ido ya zama ruri. Iska tana tunkuɗo haƙorana, kumfa ta rufe mini gaba, gilashin fuska yana rawa. Zuciyata ta ce sama, sama, yanzu. Mita 19 ba nisa, cikin daƙiƙa talatin zan ga rana. Kuma na san a wannan tafkin, wannan tashin shi ne zai iya zaunar da ni a keken guragu.

Hannuna ne suka yi aikin, domin sun yi shi fiye da sau ɗari a ruwa mara zurfi. Na hagu ya zaro regiletar ƙaramar tukunya, na tofar da mai rurin, na sa wannan, na fesar da ruwa, na ja. Iska ta zo. Na ja na biyu, na uku. Sannan na kai hannun dama bayan ƙeya ina laluben bakin tukunya. Da safar hannu mai kauri da yatsun da sanyi ya kashe, sai da na banƙare kafaɗa iyakar banƙarewa kafin na kama shi. Na murɗa, na murɗa, na murɗa. Rurin ya koma tsaki, tsakin ya mutu.

Na duba ma'auni: daga bar 155 ya sauka 118. Na duba zurfi: mita 18. Mita ɗaya kawai na tashi. Na yi wa Allah godiya, na juya na fuskanci gangaren.

Tasowar ta ci lokaci fiye da saukar. Ƙa'ida a kan dutse kada ka wuce mita 9 a minti, ni ko rabin haka ban yi ba. Daga mita 8 zuwa sama nan ne wurin taka-tsantsan, domin iskar da ke cikin riga ninkawa take yi, tana neman ta fizge ka, sai ka riƙa sakinta kaɗan-kaɗan ta kafaɗa. A teku akan tsaya a mita 5 a huta minti uku. A nan mita 4 ne, na kuma yi minti shida, ina riƙe da wani dutse, jikina yana karkarwa, ban san ko ta sanyi ce ko ta abin da ya wuce ba. Minti 33 cif kaina ya fito.

A ƙasa, matsin ruwa yana ba ka oksijin kusan ninki uku na abin da ka saba. Da ka fito sai ka faɗo cikin iskar da ba ta kai ta gida ba. Na kwanta rigingine a kan ruwa ina haki kamar wanda ya yi tsere, duwatsu suna ɗan juyawa. Sai da na yi minti biyar kafin na taka ƙasa. Kayan da na shigo da su a tafiya ɗaya, sau huɗu na yi ina kwashe su, ina hutawa, domin aikin ƙarfi bayan nutso yana tayar da kumfa. Ƙarfe goma da minti ashirin na kira uwargida. Na faɗa mata duk abin da ya faru, ban rage ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka ci abinci?"

Da rana mai masaukina ta ce yau sama garau take, in je Surlej in hau motar igiya zuwa Corvatsch, daga can ana ganin duwatsu har Italiya. Tashar ƙarshe tana mita 3,303. Na yi mata bayanin cewa jikina har yanzu gora ce da ba a gama sassauta murfinta ba, ƙarin mita 1,500 zai iya yi mini abin da ruwa bai yi ba. Ko wanka da ruwan zafi na jinkirta. Na zauna a bakin tafki da filas ɗina, iskar Maloja ta zo a kan lokacinta, lemomi ja da rawaya suka cika ruwan da ɗazu nake ƙarƙashinsa.

Bayan isha'i kafaɗata ta dama ta fara ciwo.

Na san hannun da ya banƙare. Na kuma san cewa kafaɗa tana cikin gaɓoɓin da kumfa ta fi zama, kuma abu na farko da ciwon nan ke sa mutum shi ne ya samo masa wani dalili. Na zauna a bakin gado ina jujjuya hannu, ina ba kaina fatawar da nake so in ji. A ƙarƙashin ruwa ban ji rashin aboki ba, a ɗakin nan na ji shi. Da muna biyu, da tuni ya dubi fuskata ya ce tashi mu tafi. Sai da na ɓata kusan minti arba'in kafin na kira layin likitocin masu nutso. Likitar ta tambayi zurfi, lokaci, yadda na taso, ko akwai mutuwar jiki, ko fitsari yana fita. Ta ce abin ya fi kama da tsoka, amma a waya ba a yanke wannan hukunci, in je a duba ni.

Na sauko na ƙwanƙwasa wa dattijuwar ƙofa. Mijinta, wanda ko gaisawa ba mu yi sosai ba, ya zura riga a kan kayan barci ya fito da mota. Asibitin yana ƙasa kaɗan da tafkin, hanyar kogi take bi, babu hawa. Suka sa mini oksijin, suka sa na yi tafiya dunduniya bisa yatsa ido rufe, suka tsikare ni da allura daga tafin hannu zuwa wuya. Ciwon yana ƙaruwa in an danna wurin ko in na kai hannu baya, oksijin bai canza shi ba. Likitan ya ce tsoka ce ta gurɗe. Ya ce kada in sake nutso, kada in hau dutse har kwana biyu. Da na fito wajen ɗaya na dare, tsohon yana zaune a benci, hularsa a gwiwa, yana gyangyaɗi.

Kwana biyun nan a bakin ruwa na yi su, ina tunanin tambayar uwargida. Har yanzu ban yarda cewa nutso da aboki shi kaɗai ne aminci ba. Na ga mutum biyu da kowannensu ya dogara ga ɗayan, babu wanda ya shirya. Tun 1999 akwai ƙungiyar da ke koyar da nutson mutum ɗaya a fili, kuma ba sa karɓar wanda bai yi nutso ɗari ba. Horon nan shi ne ya rufe bakin tukunyata a mita 19. Amma da na sake duban hoton Kawu a raina, sai na ga abin da yaro bai gani ba. Gaskiya ne ba ya shiga da kowa. Sai dai igiyar da yake bi, ɗaya bakinta a hannun babban ɗansa take, mu kuma ƙirgan da muke yi ba wasa ba ne: in mun kai wani adadi, akwai wanda ya riga ya tuɓe riga yana jira. Ni na zo da kwamfuta biyu da wuƙa biyu, amma wadda ta riƙe mini igiya tana cikin gida, tafiyar minti goma a mota. Wannan tazarar ta yi yawa. Da na kira uwargida na ce mata zan ci gaba da shiga ni kaɗai, amma ba zan ƙara shiga tafkin kan dutse ba sai da mutum zaune a gaɓa, da tukunyar oksijin a kusa da shi. Ta ce to ita ce mutumin, in ji tun yanzu.

Ran komawa, ko da wa'adin likita ya cika, ban bi Julier ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Na bi Inn ina gangarawa, ta Samedan, ta Zuoz, ta Zernez, har Sagliains, inda ake loda motoci a kan jirgin ƙasa ya ratsa da su ta cikin dutse, ramin Vereina mai tsawon kilomita 19 da aka buɗe a 1999. Ina cikin layi na kira ɗan Kawu na ce ya kai masa waya.

Muryarsa ta tsufa amma kunnensa garau. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, na shiga wani ruwa a kan dutse, wanda ya fi Jos tsayi."

Ya ce, "Ruwa a kan dutse? To wa ya kai shi can? Wa ke sarkin ruwansu, ka nemi izini?"

Na ce ƙanƙara ce ke narkewa, izini kuma tuta ake kafawa.

"Wa ya riƙe maka igiya?"

Na ce babu kowa a gaɓa, Kawu.

Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ya ce, "Kada ka sake, ɗana. To me ka gani a ciki?"

Na ce kifi uku.

"Uku tak? Masu ƙaya ne ko masu ɓawo?"

Ma'aikacin jirgi ya ɗaga mini hannu, na tura motar a hankali na hau, na ja birki, na kashe inji. Ina cikin kwatanta masa jan cikinsu da farin layin da ke gefen fukafukansu, yana cewa wannan ba karfasa ba ce, ba kuma ragon ruwa ba, jirgin ya shige cikin dutse, wayar ta ɗauke.